Wanda Ba a Faɗin Sunansa

Tanko makanike bai yi sallama ba. Haka ya faɗo caji ofis na Yelwa da hantsi, hula a hannu, taɓo har gwiwa, yana haki kamar wanda kura ta biyo.

"Saje! Sun ɗauke ta!"

Saje Lawali ya ajiye ƙoƙon kununsa ya janyo takalmansa. Bai tambayi wace ce ba. Duk Yelwa an san in Tanko ya ce "ita", ba matarsa yake nufi ba.

Ja ce, mai kujera biyu, ba ta da rufi, irin wadda Turawa ke tsere da ita. Wani injiniyan madatsar Kainji ne ya yasar da ita bayan injinta ya buga. Tanko ya jawo ta gida, ya fitar da injin fetur ɗin ya jefar, ya ɗaura mata injin lantarki da ya tsinto cikin tarkacen aikin madatsa, ya jera baturan manyan motoci a ƙarƙashin kujerunta. A injin casar shinkafa yake ba ta wuta, kafin ta Kainji ta iso. A shekarar da yaƙin basasa ya mayar da fetur kamar ƙwan zabi, sai ga mota tana tafiya ba tari, ba hayaƙi, sai ɗan kuka irin na zuma a amya. Mutanen gari suka raɗa mata Bebiya. Jibi ne bikin tunawa da samun mulkin kai, kuma manyan injiniyoyi za su taso daga Kainji musamman don su gan ta.

Rumfar Tanko tana ƙarshen gari, a bakin hanyar da ke bin gaɓar Kuwara. Yawancin gidajen wannan layi an tashe su, tunda aka toshe kogin ruwa ke haurowa kullum yana cin tudu. Suna isa suka tarar da Maikuɗi a tsugune bakin ƙofa, ya dafe kai.

Maikuɗi abokin aikin Tanko ne. Shi kuma Lawali, aminin Maikuɗi ne tun na ƙuruciya a Tungan Dudu. Rana ɗaya aka yi musu kaciya, kuma gida ɗaya suka yi aure: Lawali ya auri Mairo, Maikuɗi ya auri ƙanwarta Safiya, 'ya'yan Inna Asibi mai bandar kifi.

"Ango," Lawali ya ce, don tun ranar aurensu haka suke kiran juna, "mi ka gani?"

"Abin da ka gani, Ango. Sun ɓalle marataya sun bar kwaɗon a rufe."

"Wa ya iya tuƙa ta?"

"Ni," in ji Tanko. "Ni na yi ta da hannuna, tun daga ƙusa har fenti. Sai yarona wanga, na ɗan nuna mishi."

Yaron nasa, wato Maikuɗi, ya girme shi da shekara biyu. Maikuɗi ya ci gaba da kallon ƙasa.

An yi ruwa kafin asuba, don haka ƙasa ta riƙe labari. Lawali ya bi sawun tayoyin a sunkuye. Daga rumfa sun miƙe sak, ba sawun mutum a gefensu. Sai da aka zo gindin wata tsamiya, kusa da bandar Inna Asibi, sannan ga sawun ƙafa ba takalmi ya bayyana a gefen direba. Ya bi motar har ya wuce bandar da kaɗan, sai ya ɓace. Daga nan tayoyin suka hau hanyar burji, inda ba a gane komai. Ko arewa aka yi wajen Shanga, ko kudu wajen Ngaski, Allah masani.

Bandar tana hayaƙi, amma ba kowa. Ranar kasuwa ce, Inna ta kai kifinta. Ita kaɗai ta rage a layin, ta rantse ba ta tashi sai ruwa ya kashe mata wuta.

"Ka gani?" Maikuɗi ya nuna sawun. "Nan ta ƙi tafiya, ɓarawon ya sauka ya tura. Kuma ba takalmi. Wa ke yawo ba takalmi in ba makiyayi ba? Ga kofaton shanu can. Hammadu ne. Ka tuna ranar da Bebiya ta laɓaɓo bayan garkensa, sunka watse, saniya ta karye? Ya yi rantsuwa gaban jama'a."

Lawali ya auna sawun da tafin hannunsa. Ƙafa ce mai faɗi, ta namiji mai jiki. Wani abu ya tsaya masa a rai, amma bai kama shi ba.

"Hau mu tafi," ya ce.

Ya goya Maikuɗi a kan kekensa, suka nufi ruga.

Hammadu na ɗaure maraƙi lokacin da suka iso. Siriri ne kamar sandarsa.

"Ina ka kwana, Hammadu?"

"Inda shanu sunka kwana."

"An ce ka rantse sai ka ga bayan motar Tanko."

"Na rantse. Abin da ba shi sallama, ba shi ƙara, sai dai ka gan shi a gindinka, wanga ai maciji ne. Amma Saje, in na ɗauke ta mi zan yi da ita? Tatsa?"

"Shanunka sun bi hanyar bakin ruwa yau."

"Sun tsallaka ta. Ba su bi ta ba. Ruwanku na gwamnati ya cinye mana burtali, ta ina kake so mu wuce, ta sama?"

Gaskiya ne. Lawali ya riga ya lura kofatan sun gitta hanyar ne kawai, kuma taya ta bi ta kansu. Ya dubi ƙafar Hammadu: 'yar tsukukuwa, cikin takalmin taya da ya yi mata shaida a fata.

"Kulle shi ko na kwana ɗaya," Maikuɗi ya raɗa masa. "Bakinsa zai buɗe."

"A kan mi? Ƙafarsa biyu za su shiga cikin sawun nan guda."

Suka dawo gari, suka zarce tasha. Haruna direba na kwance ƙarƙashin babbar motarsa, ƙafafu a waje. An san ya daɗe yana lasar leɓe a kan baturan Tanko. Lawali ya taɓa shi da tsinin takalmi.

"Fito, Haruna. Bebiya ta ɓace."

"Alhamdu lillahi." Ya fito yana goge baƙin mai. "Wanga keken guragu? Mota ba ruri ai gawa ce."

"An ce kana son baturanta."

"Ina son ɗiyar Sarki ma, ka ji an sace ta?"

Masu lodi suka kwashe da dariya. Lawali bai yi ba.

"In an ba ka ita, yaya za ka tayar da ita?"

"Kamar kowace mota. In sa hendal a goshinta in murɗa. In ta ƙi, a tura."

Bebiya ba ta da ramin hendal, kuma duk wanda ya taɓa zama a cikinta ya san haka. Ga shi fasinjoji sun shaida motar Haruna ta kafe a wata kwalbati ta hanyar Shanga tun jiya da yamma, sai da rana ta fito aka fitar da ita. Laka na nan jikinta ba ta bushe ba.

Rana ta take. Lawali ya sallami Maikuɗi, wanda ya ce zai koma ya rarrashi Tanko, shi kuma ya yi gida. Mairo ta ajiye masa tuwon shinkafa da miyar kifi, ta zauna nesa kaɗan tana firfita.

"Ku daina wahalar da kanku," ta ce. "Na ga Inna a kasuwa. Ta ga motar da sassafe."

Hannunsa ya tsaya a cikin kwano. "Ta ga wanda ke ciki?"

"Ta ce wanda ba a faɗin sunansa ne." Mairo ta tofa a ƙirjinta. "Mutanen ruwa. Kun toshe musu kogi, kun shafe musu gidaje, kuma kun ƙera abin da ke tafiya shiru irin nasu. Ai sun zo sun karɓi kayansu."

"Aljani da sawun ƙafa, Mairo?"

"To, kai ne ɗan doka. Ka kai musu sammaci."

Ya yi dariya, amma ya ture kwanon gefe. Inna Asibi ba matsoraciya ba ce. Matar da ke kwana ita kaɗai a kufai, ruwa na lasar bangonta, ba ta ganin aljani da safe. Sai dai tambayar suruka aiki ne mai nauyi. Tun da ya auri Mairo bai taɓa haɗa ido da ita ba, balle ya titsiye ta.

Da la'asar ya hau keke ya sake bin hanyar bakin ruwa, shi kaɗai. Tun daga nesa ya hango ta a kan kujerar tsuguno, tana juya kifi. Yana zuwa gindin tsamiya ƙafarsa ta sauka da kanta. Ya kwance takalman gwamnati, ya rataye su a kan keken, ya riƙe ƙahonsa yana tafe a hankali, kai a ƙasa, kamar yadda yake yi kullum.

Da yake kansa na ƙasa, sai ya gani.

Sawunsa, ɗanye, ba takalmi, a gefen tayar kekensa. Ga na ɓarawon, ba takalmi, a gefen tayar mota. Wuri ɗaya suka fara. Sun jera kamar 'yan biyu.

Ya tsaya cak. Yanzu ya kama abin da ya tsaya masa a rai da safe. Mai tura mota yakan kafa yatsu, ya ƙwaƙule ƙasa, ya zame. Wannan sawun lafiyayye ne, diddige da tafi duka sun zauna, tafiyar ladabi. Ba tura ta aka yi ba. Rako ta aka yi, tana tafiya da kanta.

Ya ƙarasa ya durƙusa, ya kawar da fuska.

"Inna, barka da aiki."

"Barka kadai, mijin Mairo." Ita ma gefe take kallo.

"A gafarce ni. An ce kin ga wanda ba a faɗin sunansa."

Ta juya kifi ɗaya, ta juya na biyu.

"Mairo kunnenta na gaba da hankalinta. Ban ce wanda ba a faɗi ba. Cewa na yi wanda ba ni faɗi."

"Na ruwa ne, Inna, ko na tudu?"

"Ku biyu ne a duniya. Kai kuwa yanzu ka zo."

Hayaƙi ya shiga idon Lawali, ya bar shi ya yi aikinsa.

Ya samu Maikuɗi a rumfa yana ba Tanko baki, har da cewa Allah zai tona asirin azzalumi. Lawali ya jira ya gama.

"Ango, zo ka raka ni."

"Ina?"

"Gida."

Sai da suka bar burji suka gangara tsohuwar hanyar Tungan Dudu sannan Maikuɗi ya gane gidan da ake nufi. Ya zame hannunsa daga kafaɗar Lawali.

Tungan Dudu ta zama kufai. An kwashe mutanenta zuwa sababbin gidajen siminti a kan tudu, ruwa ya riga ya shanye masallaci da rabin gari. Filin da suka yi langa suna yara, agwagin ruwa ne ke iyo a kai. Gidan mahaifin Maikuɗi na bakin ruwan. A cikin garkarsa, ƙarƙashin tsofaffin asabari, ga jan fenti yana leƙe. Ruwa ya kai cibiyar tayoyi. Saura ɗan taƙi ya taɓa batura. A gefenta an rubuta da farin fenti: AIKIN TANKO YELWA.

Lawali ya jingine keke.

"Marataya ka ɓalle don a ce baƙo ne, alhali makulli na aljihunka. Wanga wayo ne. Ka fito bayan sallar asuba don layin ba kowa, ga mota ba ta ƙara. Shi ma wayo ne. Ka kawo ta nan don tafki ya binne ta kafin jibi. Amma ka manta Inna na sammakon wuta ranar kasuwa. Mota ba rufi, ga ka zaune a sama, ga surukarka a ƙasa. Ƙafarka ta riga kanka tunani. Ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka sa mariƙin ba ta wuta a matakin farko, ka riƙe sitiyari kana tafe gefenta har ka wuce. Mutum biyu sunka san ana iya haka da Bebiya, kai da Tanko. Tanko kuwa ba surukin Inna ba ne."

Maikuɗi ya zauna a kan wani turmi da aka bari.

"Ta faɗi sunana?"

"Ba ta faɗa ba. Ko a haka ta kiyaye maka girmanka."

Sai Maikuɗi ya miƙa hannayensa biyu, ya buɗe tafukan. Duk sun tsage, waya ta yanka, ruwan batir ya cinye.

"Dubi, Ango. Wa ya warware injin nan ya sake naɗa shi, zare bayan zare? Wa ya gano yadda za a jera batura ta ja ba ta ƙone ba? Tanko fenti ya iya, da surutu. Ran Talata Bature ya zo daga Kainji, ya ce wanda ya yi wanga aiki za su kai shi Kaduna ya koyi lantarki. Ina tsugune bayan mota ina ɗaure waya. Ya tambayi Tanko wane ne wancan. Ka san mi ya ce? 'Yarona ne, mai miƙo sufana.'" Ya sauke hannayen. "Na ce to, tunda sufana kawai nike miƙawa, ya sake ƙera wata mu gani."

"Da ka zo ka gaya mini."

"Ka yi mi? Ka kama shi da laifin ƙarya?"

"Da na tsaya gaban Baturen na faɗi gaskiya!" Lawali bai san ya ɗaga murya ba sai da agwagi suka tashi. "Tanko ya ci amanarka, na ji. Ni mi na ci maka? Wuni guda kana bayana a kan keke, ina huci ina jan ka, kana nuna mini hanyar banza. Hannunka a kafaɗata, bakinka a kunnena, 'kulle Hammadu, kulle Hammadu.' Da na ji taka, da bawan Allah na ɗaure yanzu, shanunsa na watse a daji, kuma da hannuna. Da hannuna, Maikuɗi!"

Rabon da ya kira shi da wannan suna tun kafin aurensu. Maikuɗi ya ɗago kamar an mare shi.

Wata 'yar igiyar ruwa ta zo ta bugi gindin motar.

"Ni ban iya ta ba," Lawali ya ce, murya ƙasa. "In ta nutse, da aikin hannunka za ta nutse, ba wanda zai ƙara ganin naɗin nan balle ya tambayi mai shi. Tashi ka fitar da ita."

Maikuɗi ya daɗe yana kallon rubutun da ke gefenta. Sannan ya naɗe wando ya shiga ruwa, ya yaye asabarin, ya hau. Ya ja mariƙin tagulla. Kukan zuma ya tashi. Tayoyin suka juya a laka, suka watsa wa Lawali a fuska, ba su motsa ba. Lawali ya cusa asabari a ƙarƙashinsu, ya kafa kafaɗa a bayanta, ya kafa yatsu.

"Ƙara mata!"

Ta yi gaba, ta dawo. Ta sake yi. A na uku ta kama asabarin, ta fizge kanta, ta haye tudu ruwa na zuba daga cikinta.

Lawali ya ɗora kekensa a baya, ya zauna a kujera ta biyu. Ankwa na aljihunsa, ya bar ta can.

"Caji ofis," ya ce. "Gaban alƙali zan faɗi wanda ya sace ta. Zan kuma faɗi wanda ya naɗa injinta, Tanko na tsaye."

"Safiya fa?"

"Da ka tuna da ita da asuba."

Suka kama hanya shiru, su da motar. Rana ta yi ja a kan tafkin lokacin da suka shigo layin bakin ruwa. Inna Asibi na nan inda ya bar ta. A gindin tsamiya Maikuɗi ya mayar da mariƙin matakin farko. Suka sauka, ɗaya dama ɗaya hagu, suka tuɓe takalma, suka sunkuyar da kai, Bebiya na rarrafe a tsakaninsu.

Suna daidai da bandar, Inna ta ajiye kifin da ke hannunta. Ta juyo. Ta dubi mijin Safiya ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Sa takalmanka, Maikuɗi," ta ce.